Tsaron Gida a Ƙwallon Kwale-kwale

Ragar wannan wasa a sama ake rataye ta, mita 2 daga fuskar ruwa, faɗinta mita 1.5, tsayinta mita 1. Mai tsaronta yana zaune a ƙarƙashinta cikin ɗan kwale-kwalen da tsawonsa bai wuce mita 3 ba, ya ɗaga filafilinsa a tsaye, ya miƙa shi sama iyakar hannunsa. Iska na tura shi, jiragen abokan karawa na tayar masa da ruwa ta kowane gefe, shi kuwa abin da ake so da shi kada ya gusa ko da taƙi ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a ƙaramin jirgi ya san tuƙa shi ya fi tsayar da shi wuri ɗaya sauƙi nesa ba kusa ba.

Wasan shi ne ƙwallon kwale-kwale. A sunansa na Turanci ɗan'uwan polon dawaki ne da muka sani a Katsina da Kano da Kaduna, amma a tsari ya fi kama da ƙwallon hannu ko ƙwallon kwando. Mutum 5 ne a kowane ɓangare, kowa da jirginsa na mutum ɗaya irin wanda ake kira kayak, da filafili mai baki biyu, da hular kwano mai kariya a fuska, da rigar da ke hana nutsewa. Filin ruwa ne mai tsawon mita 35 da faɗin mita 23, ko a wurin ninkaya ko a tafkin da aka kewaye da igiya. Ana yin minti 10 a juya, a ƙara 10. Da hannu ake jefa ƙwallo, ana kuma iya tare ta ko ɗauko ta daga ruwa da filafili. Ba a yarda mutum ya riƙe ta fiye da daƙiƙa 5 ba: ko ya ba wani, ko ya jefa ta gabansa ya tuƙa ya cim mata. A manyan gasanni kuma ƙungiyar da ƙwallo ke hannunta daƙiƙa 60 gare ta ta kai hari raga, in ta kasa a karɓe a ba wa ɗaya ɓangaren.

Jamusawa da Turawan Ingila da Faransawa sun daɗe suna buga ire-irensa, kowa da tasa dokar, kafin hukumar wasannin kwale-kwale ta duniya ta haɗa su a kan doka guda. An yi gasar duniya ta farko a Sheffield ta Ingila a 1994, ana kuma maimaita ta duk bayan shekara 2, in ban da 2020 da annobar korona ta hana. A 2016 a bakin teku aka yi ta, a birnin Siracusa na Italiya, mazan Italiya suka ɗauka a gida, matan New Zealand suka ɗauki ta mata. A 2022 a Saint-Omer ta Faransa Jamusawa suka kwashe duka biyun. A nahiyarmu, Afirka ta Kudu da Namibiya ne aka fi sani da shi.

Sabuwar ƙungiya ba ta da wuyar ganewa. Da zarar ƙwallo ta faɗa ruwa, su biyar ɗin sai su yi kanta gaba ɗaya, goshin jirgi na karo da goshin jirgi, filafilai na ƙwanƙwasar juna, ruwa na fantsama. Can gefe akwai wani abokin karawa da bai ko motsa ba. Sai a wurgo masa ƙwallo ta saman kawunansu, ya ɗaga kai ya ga raga ba kowa, ya jefa abinsa a nitse. Haka za a yi ta yi har a tashi, su fito a gajiye liƙis suna mamakin yadda aka yi musu ruwan ƙwallaye alhali sun fi kowa tuƙi.

Dalilin a jikin jirgin yake. A ƙwallon ƙafa in an wuce ka, juyi ɗaya za ka yi a kan dunduniya ka bi mutum. Mai jirgi kuwa sai ya kashe gudun da yake yi, ya jujjuya mita 3 na jirgi, sannan ya sake tara wani gudun daga tsaye. Kafin ya gama wannan, ƙwallo ta ratsa hannu uku. Shi ya sa gogaggen ɗan baya a wannan wasa wuri yake tsarewa, kuma abin da ya fi damunsa a kowane lokaci shi ne inda goshin jirginsa ke kallo. In yana kallon inda hari zai ɓullo, bugun filafili biyu sun ishe shi. In yana kallon wani wajen, ko shi ne ya fi kowa ƙarfin dantse a ƙasarsu, an riga an wuce shi.

Tsarin da ake fara koya wa sababbi shi ne wanda ake kira uku da ɗaya. Mai tsaron raga yana ƙarƙashin ragarsa. Mutum 3 su yi masa shinge a gaba, ɗaya a tsakiya, biyu a gefuna, sun ɗan lanƙwaso suna kallon waje. Na biyar yana gaban shingen, aikinsa ya hana mai ƙwallo sakat, ya matsa masa ya yi jifan da bai shirya ba. Hikimar tsarin ita ce jifa daga nesa ba ya cika ba mai tsaron raga tsoro. Mutumin da ke zaune, ƙafafunsa na cikin jirgi, ƙarfin jifansa daga ƙugu da kafaɗa kawai yake fitowa, kuma sama yake jefawa, zuwa ragar da ba ta da faɗi. In daga mita 8 ko 9 ya jefo, mai raga yana da lokacin ganin ƙwallo ya kai mata bakin filafili. In daga mita 2 ko 3 ne, sai dai addu'a. Duk wahalar 'yan ukun nan a kan abu ɗaya take: kada a bari kowa ya shigo da ƙwallo ɗan wurin nan na gaban raga.

Masu kai hari ma sun san haka, don haka ba da ƙwallo suke fara shigowa ba. Sukan turo mutum ɗaya ko biyu hannu wofi su zo su fasa shingen. Doka ta yarda da wannan a cikin mita 6 na gaban raga: jirgi ya tura jirgi, a yi ta gwagwarmayar wuri ko da ƙwallo tana can nesa. A nan ake yin ta, kuma a nan mai kallo ya kamata ya ajiye idonsa, ya ƙyale ƙwallon na ɗan lokaci.

Ga mai fasa shinge ya taho a guje daga dama, ya nufi tsakanin ɗan gefe da ɗan tsakiya. Sabon shiga zai tsaya cak ya jira shi, sai a buge goshin jirginsa a juya shi, a tura shi baya har kan mai ragarsa, hanya ta buɗe. Gwani ba ya jira. Tun mutumin na nesa ya karanta layin da ya ɗauko, sai ya yi bugu biyu masu ƙarfi ya tarye shi a gaba, don jirgin da ke da ɗan gudu ya fi wuyar turawa a kan wanda ke tsaye. Daf da haɗuwa sai ya sunkuyo da ƙirjinsa, ya karkata jirgin da gwiwa ɗaya, goshin ya nutse ƙasa da fuskar ruwa kaɗan, ya shige ƙarƙashin goshin na wancan. Shi ke nan. Jirgin da ya hau sama ya rasa abin da zai kama, gabansa na reto a iska, mai shi na ta buga ruwa ba ya zuwa ko'ina. Na ƙasa kuwa sai ya yi shara ɗaya mai faɗi da filafili, ya juya su duka biyun, ya raka baƙon nasa waje ta gefen fili. Abin bai fi daƙiƙa 3 ba. Ba a taɓa ƙwallo ba, ba wanda zai tafa masa, amma harin ya mutu a nan.

Da ya raka shi kuma ba ya bin sa. Wannan ita ce tarbiyyar da ta fi wuyar shiga kan sabo. Jini ya hau, ka ga ka fi ƙarfin mutum, zuciya na cewa ka ƙarasa shi har bakin igiya. Shi kuwa abin da yake so ke nan. Ya janye ka daga wurinka, abokinsa na biyu ya riga ya taho da ƙwallo ta ramin da ka bari. Gwani yana sakin mutum da zarar ya fitar da shi daga wurin haɗari, ya ja da baya da bugu biyu, ya koma gurbinsa goshi na kallon waje.

In kuma dole ta sa ya bar gurbin, na kusa da shi ya matso ya toshe, na gaba ma ya matso. Hoton da ya fi dacewa da wannan daga inda babu kogi ko ɗaya yake fitowa. A Bilma, can cikin Kawar, ruwan da ake da shi na maɓuɓɓugai ne da na ramukan gishirin Kalala, babu wanda zai ɗauki kwale-kwale. Amma wanda ya ga ayarin gishiri ya taso daga can ya doshi Fachi da Agadas ta cikin Tenere, ya ga tsarin nan da idonsa: raƙumi ɗaure da raƙumi, in na gaba ya karkata na bayansa ya karkata, ba wanda ke zaɓar hanyar kansa, kuma madugu ɗaya ne ke karanta hanya. Shingen 'yan baya haka yake tafiya, in ƙwallo ta koma hagu su zame hagu tare, tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaruwa. Madugunsu kuwa mai tsaron raga ne, don shi kaɗai ne duk filin ke gabansa.

Shi ya sa ƙungiyar da ta iya tsaro ba ta yin shiru. Mutumin da ke zaune a jirgi da hular kwano a kai ba ya ganin bayansa, kuma ƙarar ruwa ta cika masa kunne. Dole wani ya zama idonsa. Gajerun kalmomi ake so, a kira suna a faɗi abu ɗaya: "Hagunka!" "Na kama shi!" "Sake shi, koma!" "Biyu na tafe!" Sababbi kan ji kunyar ɗaga murya, ko kuma su biyar su yi ta ihu lokaci guda, wanda duk ɗaya ne da shirun. Mai horarwa mai basira tun makon farko yake raba wannan: mai raga ne ke tsara shinge, ɗan tsakiya ya taimaka masa, sauran su amsa.

Shi kansa mai ragar ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau. Jirginsa a gicciye yake, ɗan gaba kaɗan da layin raga. Hannu ɗaya na riƙe da filafili can ƙasa kusa da bakinsa na ƙasa, ɗayan na sama kaɗan yana sarrafa shi, bakin sama kuwa shi ne ke shawagi a gaban raga. Faɗin wannan baki bai kai kashi ɗaya cikin biyar na faɗin ragar ba. Da shi zai tare ƙwallon da ke tahowa a guje, alhali ragar tana bayansa kuma sama da kansa, ba ya ganinta. Da jikinsa yake sanin inda take. Tsakanin hari da hari za ka ga ya saki hannu ɗaya ya ɗan shafi ruwa, ko ya sauke filafili ya yi ɗan ja guda, ya ɗaga kai ya saci kallon sandar raga, ya mayar da kansa daidai. Yana yin wannan sau da yawa a minti ɗaya ba tare da ya yi tunani ba. Sannan ga yaudarar masu jifa: a ɗaga hannu kamar za a saki, a riƙe, a sake ɗagawa. Wanda ya bi motsin farko ya tafi, sai a ɗora masa ƙwallo a ɗaya kusurwar. Nagari ƙwallon kawai yake kallo, ba fuska ba, ba kafaɗa ba, kuma ba ya motsi sai ta bar hannu.

Doka ta ba shi kariya guda: mai kai hari ba shi da izinin taɓa jirginsa ko gusar da shi. Amma in ɗan bayansa ne ya yi sakaci ya ja da baya ya buge shi, babu mai busa usur. Ƙwallaye da yawa da ake ci wa sababbi, nasu ne suka ture musu mai raga.

Akwai wani abu kuma da ke bambanta wannan wasa da ƙwallon ƙafa. Mai raga ba shi da riga ta daban, ba kuma a ɗaure yake da ragar ba. In ƙungiyarsa ta karɓe ƙwallo, da shi ake tafiya kai hari, su biyar cif, a bar gida ba kowa. In aka ƙwace ƙwallon a can, duk wanda ya riga isowa ƙarƙashin raga ya ɗaga filafili, shi ne mai raga a wannan lokacin. Saboda haka a sabuwar ƙungiya kowa sai ya koyi wannan aiki, ko da yana ƙinsa. Kuma tsaron gida tun a gaban ragar abokan karawa yake farawa. Kafin ɗayanku ya yi jifa, ya zama akwai wanda ya riga ya juya goshinsa gida. Jifan gaggawa da aka yi ba tare da wannan ba, in mai ragarsu ya tare, kyauta ce aka ba su: wurgi ɗaya mai tsawo, mutum ɗaya ya tsere, ga raga a buɗe.

Filafili a hannun ɗan baya garkuwa ne, amma mai sharaɗi. Yana ɗaga shi ya rufe hanyar jifa ko ta miƙa ƙwallo, sai dai bai isa ya kai shi kusa da hannun da ke riƙe da ƙwallo ba, don yatsun mutum ba su da hular kwano. In ya yi, laifi ne, in ya maimaita ga kati, wanda kan iya fitar da shi waje na minti 2 ko ya kore shi gaba ɗaya. Minti 2 da mutum 4 a wasan minti 20 ba ƙaramar asara ba ce. Gwanaye kan raba raga da mai tsaronsu, ɗan baya ya rufe kusurwar da ke kusa, ya bar masa ta nesa. Filafilin da aka ɗaga da ka, ba shiri, sau da yawa shi ke karkatar da ƙwallon da mai raga ya riga ya gama karantawa.

Sai kuma dokar da ke sa baƙon kallo ya zaro ido. Wanda ƙwallo ke hannunsa, halal ne ka sa tafin hannu ɗaya a kafaɗarsa ko a gefen jikinsa ko a bayansa ka tura shi ya kife. Da gangan, a gaban alƙali, ba laifi. A nan ne tsoro ke raba 'yan wasa gida biyu. Wanda bai iya tashi daga kifewa ba, da ya ga an nufo shi sai ya yar da ƙwallo ko'ina. Wanda ya iya kuwa sai ya rungume ta ya tafi ƙarƙashin ruwa, ya ɓullo ta ɗaya gefen tana hannunsa, ya miƙa wa nasa.

Wannan tashi daga kifewa gado ne daga mafarautan Inuit na Girinlan da sauran ƙasashen ƙanƙara, waɗanda suka ƙirƙiro kayak, don a ruwansu wanda ya fita daga jirgi sanyi ne zai kashe shi. Mai jirgi yana sanye da wani murfin roba da ya kama ƙugunsa ya rufe bakin jirgin ruf, ruwa ba ya shiga ko an kife. Yana ƙasa, kai a ruwa, sai ya naɗe jikinsa zuwa gefe, ya fito da bakin filafili saman ruwa, ya share shi a faɗi, a lokaci guda ya fizge jirgin da ƙugu da gwiwa. Jirgi ne ke fara miƙewa, sannan jiki, kai shi ne na ƙarshen fita. Nan ne wuyar take, don wanda numfashinsa ya ƙare kai yake so ya fara fitarwa, kuma da ya ɗaga kai sai nauyinsa ya mayar da shi ƙasa. 'Yan wasan da suka ƙware ma ba sa buƙatar filafili, da tafin hannu suke tashi. Wanda ya kasa, sai ya ja madaurin murfin ya fito ya yi iyo, ƙungiyarsa ta koma mutum 4 har a fitar da shi da jirginsa da ya cika da ruwa.

Don haka in ana maganar horar da sabuwar ƙungiya, ra'ayina shi ne a ajiye allo da zane-zanen tsari tukuna. Ranar farko kowa ya kife da gangan, a ruwa mara zurfi, da mutum tsaye a gefensa, ya koyi jan madauri ya fito ba firgita. Sannan ya kama goshin jirgin abokinsa ko bakin wurin ninkaya ya yi ta kwantar da jirgi yana tayar da shi da ƙugu, har jikinsa ya gane cewa ba hannu ke wannan aiki ba. Sannan ya koyi mari ruwa da bayan filafili ya dawo daidai in an tura shi. Ɗan bayan da ke tsoron kifewa ba zai taɓa karkata jirginsa ya shiga ƙarƙashin na wani ba, kuma in babu wannan, uku da ɗaya zane ne kawai a takarda.

Bayan haka a shiga juyi. Tseren dogon zango ba shi da amfani sosai a filin mita 35. Abin da ake buƙata shi ne tashi daga tsaye da bugu biyar ko shida masu zafi, tsayawa, juyawa a kan gindin jirgi, a sake tashi. A yi shi gaba, a yi shi baya, a yi shi a gicciye. Ƙwallo kuma a ba ta nata lokacin a tudu ma, bibbiyu suna zaune a ƙasa ƙafa a miƙe suna jefa wa juna da dama da hagu, tunda da yawa daga cikin ƙwallayen da ake ci wa sababbi daga miƙawar da ta faɗi a ruwa suke farawa.

Atisayen tsaron kansa gara a fara shi ba ƙwallo. Mutum ɗaya ya tsare wuri, ɗaya ya yi ƙoƙarin kai goshinsa ƙarƙashin raga, daƙiƙa 20, a canza. Sai biyu da biyu. Sai a kafa shingen 'yan uku a turo musu mutum 4, a ce su riƙe minti ɗaya. Wata dabara mai kyau ita ce a hana 'yan baya ɗaga filafili sama sam, don su daina dogara da tare ƙwallo su koyi tare mutum da jirgi. Wata kuma a ce kowa ya yi shiru sai mai raga, ko ya so ko bai so ba bakinsa zai buɗe. A riƙa tsayar da wasa ana tsaka da shi, a ce kowa ya tsaya inda yake ya dubi goshin jirginsa. Yawanci ba sai mai horarwa ya ƙara ko kalma ba.

Uku da ɗaya ba shi kaɗai ba ne. Akwai biyu da biyu, inda mutum 2 ke fita farautar ƙwallo, 2 su tsaya gaban mai raga. Ya fi kawo ƙwace, ya kuma fi barin ƙofa. Akwai kuma kowa-ya-kama-nasa, inda duka biyar ke fita har mai raga, kowa ya manne wa mutum ɗaya a duk faɗin fili. Wannan na masu huhu ne, kuma mutum ɗaya in ya yi sake an gama da su. Ban ga dalilin da sabuwar ƙungiya za ta mai da shi abincinta na kullum ba. Amma dole ta san shi, saboda ranar da aka fi ta da ƙwallo ɗaya saura minti 2, abokan karawa ba za su shigo shingenta ba. A ƙananan gasanni da ba a sa agogon daƙiƙa 60, sai su tsaya can tsakiyar fili suna miƙa wa juna har a busa tashi. A ranar, zama a gida ba shi da wani amfani, sai an fita.

Mu a nan ba baƙin ruwa ba ne. A Argungu, bikin kamun kifi da aka faro a 1934, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, ba shiga Matan Fada da homa da gora kaɗai ba ne. Akwai kabanci, wasannin ruwa na Kabawa, da tseren kwale-kwale da kamun agwagwar ruwa da nutso. A Yawuri akwai Rigata, inda jirage cike da matuƙa ke nuna bajinta a kan Kwara. Sarkawa kuwa daga Yawuri har Gaya da Yamai a cikin jirgi suke tashi. Yaron da ya girma a haka ya riga ya mallaki abin da ɗan birnin Turai ke shekara yana nema: ba ya tsoron ruwa, kuma ƙugunsa ya san rawar jirgi. Wurin wasa ma ba a rasa ba, tunda abin da doka ke nema ruwa ne mai kwanciya da zurfinsa ya kai santimita 90. Gefen Tiga ko Bagauda ko Goronyo ko tafkin Madarunfa duk za su ba da wannan, in an kauce wa inda tsargiya da kada da dorina suke. Sannan a ƙasar da kifewar jirgi ke cin rayuka kusan kowace damina, kamar yadda aka gani a Warra ta Kebbi da Bagwai ta Kano a 2021, wasan da ba a shigarsa sai da rigar kariya, wanda darasinsa na farko shi ne yadda za ka yi in jirgi ya kife, ya wuce a kira shi shagala.

Abin da zai ba ɗan Argungu wuya dabam ne. Ya saba da jirgin katako mai nauyi, wanda in ya ɗauki hanya ya ɗauka, yana tuƙa shi a tsaye ko a durƙushe, da gwangwala ko filafili mai baki ɗaya, sau da yawa da abokan tuƙi a gaba da baya. Kayak ɗin wasa ba shi da nauyi, gindinsa a shafe yake, bugu ɗaya mai ƙarfi a gefe guda sai ya juya da mutum ya kalli inda ya fito. A zaune ake tuƙa shi, gwiwoyi a manne da cikinsa, tafin ƙafa na dafe da madogara, har jirgin ya zama kamar rabin jikin mutum na ƙasa. Kuma duk tarbiyyarsa ta tsere ce, wadda ke cewa wanda ya fi gudu shi ne gwani. A makonnin farko mai horar da shi zai sha fama kafin ya yarda ya zauna a gefen hagu na shinge, ƙwallo na yawo a gabansa mita 5, yana da ƙarfin cim mata, a ce masa a'a, tsaya nan, wancan mai tahowa hannu wofi shi ne naka.